Wayar da Ta Daina Ƙara a Ɗakin Inna

Akwai girman kan da ba ya ɗaga murya: mutum ya ɗauka abin da ke cikin kansa yana cikin kan kowa, har ya ga yin bayani zubar da daraja ne. Irin wannan ne ya ci mutumin da abokan aikinsa ke kira A-Taƙaice.

Kamfanin nasu ɗaki biyu ne a saman shagon gyaran fanka. Sana'arsu kiran tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ba mutum ke kiran ba, na'ura ce mai magana kamar mutum. Kullum da safe ta gaishe su, ta ji ko sun sha magani, in ta ji shiru ko nishi ta sanar da 'ya'yansu. Tana da kayan aiki, kamar na ɗage kira zuwa gobe da na cire suna daga jerin kira gaba ɗaya, amma ba ta san ko ɗaya ba sai ta bayanin da aka rubuta mata a kansa. Rubuta bayanin nan shi ne aikin A-Taƙaice.

Da hannunsa ya sa sunan mahaifiyarsa, Inna, a cikin jerin. Tana can ƙarshen gari, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, tun rasuwar maigidanta. Ya kwana biyu bai leƙa ta ba. In ya koma ɗakinsa yana cin abinci a tsaye gaban tukunya, yakan ce wa kansa ai ana gaishe ta kowace safiya.

Ƙa'idar wurin ita ce kowane bayani sai ya bi ta teburin mai dubawa, wata dattijuwa da ba ta yarda a nuna mata kayan aikin. Bayanin kaɗai take karantawa, kamar baƙuwa, ta faɗi abin da ta gane. A kan na cire suna, abin da ya rubuta ke nan: a yi amfani da shi idan ba a son kira.

Ta gyara zaman tabarau ta ce, "Wa za a cire? Wa ya ba da izini? In an cire, ana iya mayarwa?"

"Haba Anti, wa zai cire mutum haka kawai? Ko jariri ya san wannan."

"Jariri ba ya aiki a nan. Rubuta wa na'urar sai an rasu ko an ƙaura, kuma sai dangi sun tabbatar."

"Littafi kike so in wallafa?"

"In ka wallafa zan saya. Je ka gyara."

Bai gyara ba. Ya jira ta sauka cin abinci, ya ɗora wa na'urar bayanin yadda yake, ya koma kujerarsa yana jin ya fi kowa.

Wata safiya Inna ta tashi da mura, maƙogwaro na yi mata zafi. Da wayar ta yi ƙara sai ta ce, "'Yata, bar ni, ba na son magana." Na'urar ta duba abin da aka rubuta mata, ta cire sunan. Ba a ce mata ta sanar da kowa ba, ba ta sanar ba.

Bai san komai ba sai ranar da ƙanwarsa ta kira shi daga asibiti. Maƙwabciya ce ta tsinci Inna a ƙasan banɗaki, ƙugu ya karye, tun jiya tana kwance a wurin.

Ya same ta a gadon ƙarshe, ta ƙanƙance cikin zanen asibiti. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi ta ce, "Yarinyar nan taku fushi ta yi da ni. Kullum ina ajiye wayar kusa da matashi, shiru. Ka ba ta haƙuri, mura ce ta sa."

"Inna, na'ura ce fa."

"Na sani. Amma ita ke kira."

Ta juya fuskarta bango. Ƙanwar tasa tana ninke tufafi, ba ta ɗago ba.

Da aka bincika a kamfani, aka tarar ba Inna kaɗai aka cire ba. Ranar da yake kwashe kayansa cikin kwali, mai dubawa tana zaune tana sake rubuta bayanin. Ya tsaya kusa da ita ko za ta yi masa faɗa, don faɗan ma zai so. Ta matsa da kujerarta ya wuce.

Ya rasa aikin. Inna ba ta sake taka ƙafarta ba tare da sanda ba. Ƙanwarsa ta ɗauke ta zuwa garin da take aure, mai gidan haya ya sa wani a ɗakin ya canja kwaɗo. Yanzu yana kira kullum da safe, ƙanwar ta ɗauka ta ce Inna tana barci.