Barcin Meret

A gidan mijin Ogulnur, kukan jariri ba ya tsayar da saƙar darduma. Da ya tsanyara, sai a lakato tiryak, baƙin ƙaron nan mai bugarwa, a goga masa a dasashi. Haka surukarta Akjemal ta raini 'ya'ya tara.

Ogulnur ta rantse ɗanta Meret ba zai ɗanɗana shi ba.

"To, malama likita," in ji Akjemal, "sai ki karanta masa littafi ya yi barci. Mu jahilai ma ƙarasa miki saƙar."

Ba littafi ta karanta masa ba. Ƙanin mijinta na da farfaɗiya, asibiti na ba shi finobabiton, ƙwaya fara tas. Abin da ya fito daga hannun likita ai ba tiryak ba ne. A ɓoye take gutsura, ta dama da nononta a cokali. Da fari ɗan gutsure ya isa. Daga baya sai rabi.

Ranar da dillali zai zo ɗaukar darduma, saura baki ba a gama ba, Meret kuwa haƙori yake fitarwa, ya cika gidan da ihu. Ogulnur ta ba shi ƙwaya guda sukutum, ta fita kwaso zaren da ta shanya. Da ta dawo, ɗakin tsit. Ta durƙusa a masaƙa, tana ƙulli tana yanka.

Sai da nono ya jiƙa mata riga ta leƙa shimfiɗarsa. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Numfashi ɗaya, sai dogon jira. A dasashinsa ga baƙin ɗigo.

"Inna! Me kika ba shi?"

"Kamar ƙwayar gero fa! Kukan ne ya yi yawa yau. Wannan ɗan abin bai taɓa kashe ko ɗan tsako ba."

Durdi, mijinta, ya figi babur sai asibiti, Ogulnur a baya rungume da yaron. Kafin su kai gada jikin Meret ya saki.

Unguwa duka ta ji labarin baƙin ɗigon. Durdi ya daina cin burodin da uwarsa ta gasa. Bayan sadakar bakwai, tsohuwar ta rarrafo har gaban Ogulnur, ta kama gefen rigarta.

"Kin hana ni, 'yata, ban ji ba. Ni na kashe miki shi. Ki yafe mini."

Mata sun zuba ido. Ogulnur ta buɗe baki, ta dubi mijinta a bakin ƙofa.

"Na yafe, Inna," ta ce.