Matar Aro ta Baba Sangiam

"Cire hannunki daga jikin ubana!" in ji Wirat daga bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

Kratae ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ba tsohon kunun shinkafa a cokali. Ni ina gefe ina matse tsumma, don ɗakina ne ke manne da na Baba Sangiam a lungunmu na garin Pattaya.

Tun da matarsa Bunruean ta rasu kansa ya taɓu. Wata rana da la'asar ya faɗa mashayar da Kratae ke rawa, ya gan ta a kan dandamali da ɗan ƙyalle a ƙugu, sai ya tuɓe rigarsa ya miƙa mata. "Bunruean, sauko, sanyi zai kama ki."

Daga nan kullum sai ya koma. Magajiyar gidan ta ce ta riƙa amsa sunan, tana zaunar da shi yana sayen giya. Kratae ta taɓa faɗa masa gaskiya, cewa matarsa ta mutu. Ya yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Washegari ya manta, ya dawo da rigarsa a hannu.

Ranar da ya zo da sarƙar zinaren marigayiyar, magajiya har ta miƙa hannu. Kratae ta fizge, ta rataya masa a wuya, ta ɗora shi a babur ta kawo shi gida. A ranar aka kore ta. Sunan kam ta ci gaba da amsawa, amma ko tsinke ba ta karɓa a hannunsa ba.

"Na san irinku," in ji Wirat. "Me kika cinye masa?"

"Fitsarinsa na wanke. In kana son kasonka, ga bokiti can."

"Ke, 'yar rawar tsirara, ni kike faɗa wa haka?"

"Rawa nake yi, ban ɓoye ba. Kai kuma da ke sa kwat a Bangkok, yaushe rabonka da ƙofar nan?"

Tsohon ya kama zanenta. "Bunruean, wane ne wannan mai ihun?"

"Ɗanka ne, Wirat. Ya zo gaishe ka."

Wirat ya juya ga Kratae. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Faɗa masa ke ba uwata ba ce."

"Kai ka faɗa masa. Amma ka zauna ka lallashe shi har gobe, goben ma ka sake faɗa masa."

Bai faɗa ba.

Baba Sangiam bai ga ƙarshen damina ba. Da hantsi ya cika, kansa a cinyar Kratae, yana mitar ta cika wa miya barkono.

Danginsa suka aiko ni in ce mata kada ta zo haikali ranar ƙona gawa. Na faɗa mata tana guga.

"Yaya Lamyai, su zo su ɗaure ni."

Ta zo cikin baƙaƙen kaya, ta ratsa su har gaban akwatin, ta ajiye furenta. Wata gwaggo ta yi tsaki. Wirat ya matsa mata a benci, ta wuce shi ta tsaya a rana.

Da yamma na leƙo na gan ta da kwalliyar aiki, don ta samu wata mashayar. Mai babur yana ta danna oda, ita kuwa ta riƙe dogayen takalmanta a hannu ɗaya, tana zuba wa tukwanen shukar tsohon ruwa da ɗayan.