Ƙulu a Goshi

Kafin azahar magana ta gama layin: wai tsohon likitan yara na gidan kusa da famfo ya zautu. Jikarsa ta faɗo daga gado ta fasa kai, shi kuma ya gicciya kekensa na marasa lafiya a bakin ƙofa ya hana a kai ta hoton ƙwaƙwalwa.

Malama, maƙwabciyarsa da ta tsufa tana koyar da kimiyya, ba ta sayen "wai". Ta ɗauki sandarta ta tsallaka.

Keken kam yana bakin ƙofa. Likita na zaune a ciki, robar iska a hanci, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Yarinyar na kan cinyarsa, goshi ya yi ƙulu, amma ko ɗigon jini babu. Uwarta, 'yar likitan, na tsaye da makullin mota.

"Likita, an ce ka zautu."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"To da sauƙi. Ke tun muna yara ake faɗa."

"Malama, ki yi wa Baba magana," in ji 'yar. "Kowa ɗansa ya bugu, hoto ake yi."

"Ba ta suma ba, ba ta yi amai ba," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Bana an sa ta a injin nan don ciwon kai, an sake don ciwon ciki, ba a ga komai ba. Hasken nan wanka ba ya fitar da shi. Taruwa yake a jikin yaro."

Malama ba ta sayi wannan ma haka kawai ba. "In jini na tsiyaya a ciki fa?"

"Shi ya sa nake kallonta. In ta yi amai, ko barci ya danne ta, ko tafiyarta ta karkace, da hannuna zan janye keken."

'Yar ta ajiye makullin a tebur, kusa da hannunta. Malama ta ja kujera ta zauna.

Ya haska idon yarinyar da 'yar tocilarsa. Ya sa ta taka zuwa firji ta dawo. "Amarya, wa ya fi kyau a gidan nan?"

"Ba kai ba."

"Kun ji ko? Kanta garau."

Da lokacin maganin ciwonsa ya yi, 'yar ta kawo. Ya kau da kai. "Yana sa ni barci. Sai anjima."

Malama ta ga yadda ya damƙe ƙarfen keken, gumi na bin wuyansa. Har rana ta yi sanyi idonsa na kan yarinyar, tana cin ayaba, tana faɗa da kyanwa. Sai da ta yi tsalle daga kujera uwarta ta daka mata tsawa, sannan ya miƙa hannu a ba shi maganin.

Bai cika mako ba ya rasu.

A wajen gaisuwa wata mai shago ta matso kusa da Malama, ta rage murya. "Allah sarki, an ce a ƙarshe kansa ya taɓu, ya hana a kai yarinya asibiti."

Yarinyar na tsugune a bakin ƙofa, ƙulun ya sace, tana haska idon kyanwa da tocilar kakanta.

"Ina wurin," in ji Malama. "Da hankalinsa. Maganinsa ya ƙi sha don ya zauna ya duba ta."