Faifan da Gimbiya Ta Dafa

Allurar garmahon ta iso wurin da take isowa kullum, ta maƙale. Kiɗan ya shiga maimaita gaɓa ɗaya, ya je ya dawo, ya je ya dawo, sai da na miƙa hannu na ɗage ta.

"To, nan na Gimbiya tad dahwa shi," in ji Baba Maitama daga kan gado. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma zolayar tana nan.

Shekara ashirin da shida ina jin wannan maganar ta saman katanga, kuma na san amsarta. Matarsa, Inna Gimbiya, takan ce, "Kai kac ce hwaihwai na," su yi dariya, a wuce wurin. Ranar kuwa sai ta miƙe. Ta ajiye kofin kunun da take ba shi, ta fita. Da na bi ta na same ta a madafi tana goge ido da bakin zane.

Ni Asibi ce, sakatariya a kwalejin fasaha ta nan Ƙaura, katanga ɗaya ce tsakanina da su a unguwar bayan tasha. Baba Maitama tsohon direban jirgin ƙasa ne. Mako biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti a Gusau, ƙafafu a kumbure, likita ya ce a kai shi gida a riƙa ba shi abin da ransa yake so. Duk mun gane abin da likitan yake nufi.

Labarin faifan kuwa, kowa a layinmu ya haddace shi. Satin aurensu ne wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya ba Baba faifan garmaho guda, naɗe a jarida, a matsayin gudummawar biki. Baba ya kawo gida ya miƙa wa amarya, ya ce ga faifai an ba su, ya koma aiki. Ita kuwa 'yar ƙauyen Banga ce, faifai ɗaya ta sani a duniya, wanda ake rufe abinci da shi. Ta ga baƙi mai sheƙi, ta ce na Turawa ne, ta rufe wa ango kwanon miya mai zafi da shi don ta burge shi. Tururi ya ɗaye takardar sunan da ke tsakiya, bakin kwanon ya zana zobe a fuska ta biyu, daidai inda kiɗan yake gangarawa ƙarshe. Lokacin ma Baba bai sayi garmaho ba. Wato bai taɓa jin ƙarshen ba, bai kuma san sunan masu kiɗan ba. Shekara arba'in da huɗu ke nan.

"Asibi," Inna ta ce a madafin, "ba ni son shi tahi bai ji ƙarshen abin ga ba. Bai taɓa yi min hwaɗa ba ko sau guda, wasa ɗai shika yi. Da ya yi hwaɗan da na huta."

"Haba Inna, abin da ya wuce tun ban shiga firamare ba?"

"Ke ba ki ga idonai ba in allura ta kai wurin. Ni ka gani."

Gaskiya zan faɗa, da na tare a unguwar na tsani kiɗan nan. Na ɗauka hayaniya ce ta mutanen da suka rasa aikin yi. Ba a rawa da shi, ba a yabon kowa a ciki, kuma ba ya ƙarewa. Wata Asabar na shiga in ce a rage, Baba ya nuna min kujera 'yar tsuguno ya ce in zauna in ji sau ɗaya, in ban so ba ya yi alkawari zai riƙa rufe taga.

Ya mayar da allura farko. Jita ɗaya ce ta fara, a hankali, da wata 'yar gajeruwar murya da ko yaro zai iya bi. Ya ce in riƙe ta a kaina. Can ganga ta shigo, sai jitar lantarki mai kuka, sai kuma wasu goge masu yawa suka taso daga ƙasa gaba ɗaya, ya ce sun fi hamsin. Na ji tsigar jikina ta tashi, na kuwa ji haushin hakan.

"Mai gangan ga shina iya hwasa kunnen kowa," in ji shi, "amma duba yadda yar riƙe hannunai. Wanga shi na gwani. Kuma mutanen ga ba waƙa goma sunka tara ba. Abu guda na, sun gina shi tun daga tushe."

Shi da yake direba ne, tashoshi ya raba wa faifan. Farkon Zariya ce, inda ake tasowa. Inda begila da kakaki suke shigowa, Funtuwa. Idan aka juya fuska ta biyu an bar Tsafe. Can kusa da ƙarshe sai ya ɗaga yatsa ya ce in saurara, sai ga 'yar muryar nan ta farko ta dawo, amma yanzu kayan busa ne suka ɗauko ta, ta yi girma har ban so in gane ta ba. Ya ce nan Gusau ce. Daga nan komai sai hawa yake, jita da goge da ganga suna tura juna, sai allura ta maƙale.

Ba ya rufe ido kan aibinsa. Yakan ce mai waƙar muryarsa siririya ce, ba ta kai kiɗan ba, kuma wajen Tsafe sun ja abin fiye da kima, sun so nuna cewa sun iya. Amma ya ce ya fi son wanda ya ɗauko kaya mai nauyi ya ɗan tangaɗa a kan wanda ya zo hannu sake. Ranar ban ce a rufe taga ba. Bayan shekara biyu ni ce nake buɗe tawa.

Abu ɗaya ya tabbatar a ransa, yana kuma rantsuwa a kai: shigowa Ƙaura, tashar ƙarshe, da tsawa za a yi ta. Duk wanda ya tara wannan runduna haka, ya ce, ba zai sallame ta shiru ba. Yakan kwatanta mana da baki da hannu yadda za ta kasance, har hularsa ta faɗi.

Dabarar da ta zo min ba tawa ba ce, a ofis na ga wata abokiyar aiki tana yi. Akwai manhajar waya da ake kara wa kiɗa ta saurara ta faɗi sunansa. Na ji kunya da ban tuna ba tun tuni. Na gaya wa Inna, na ce kada ta sa rai da yawa.

Matsalar wuta ce. Kwana uku ba a kawo ba, garmahon kuma ba ya aiki sai da ita. Ranar Laraba na aro janareta, ƙararsa ta cika gidan, wayar ta saurara sau biyar tana cewa ba ta gane ba. Baba yana kallona yana murmushi. "Sakatare, ƙyale 'yar wayar ga, ta yi ƙuruciya." Yammacin nan ko kunu bai iya haɗiya ba, kuma na ga tsoro a fuskar Inna. Ni ma na tsorata, na fara tunanin na ɗora mata buri ne a banza.

Alhamis da hantsi ina shirin fita aiki na ji firjina ya yi gurnani. Na jefar da jaka na shiga gidansu ko sallamar kirki ban yi ba. Inna ta riga ta buɗe garmahon. Na ɗora allura daidai Gusau, inda kiɗan ya fi ƙarfi, na kara waya. Da'irar da ke fuskar wayar ta juya, ta juya, sai ga hoto da suna.

"Baba, ga shi. Sunansu..."

"Bar sunan," ya ce. "Shekara arba'in da huɗu muna zaune lahiya ba suna. Akwai ƙarshen?"

"Akwai. Minti arba'in da uku ne duka. In kai can kusa da ƙarshe?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wa ka hawa jirgi Gusau shi ce ya yi tahiya? Daga Zariya za mu taso."

Na sauke shi a wayar, na haɗa da 'yar lasifikata, na ajiye a kan kwabar da Inna take jera kwanoni. Muka tayar da shi zaune, muka tokare bayansa da filo biyu. Inna ta ɗauko tiren wake ta zauna a bakin ƙofa, wai tsinta take.

Jitar ta fara. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsabtar sautin, babu shaa ɗin tsohon faifai. Baba ya ce, "Ashe akwai sarewa nan," ya rufe ido. A Funtuwa ya ɗaga hannu kaɗan. A Tsafe numfashinsa ya yi nauyi, kansa ya langaɓe, na yi zaton barci ya ɗauke shi, na dubi Inna. Ta girgiza kai, kada in taɓa. Minti goma nan sun yi min tsawo ƙwarai, na tsine wa masu jitar a zuciya da jan da suke yi.

Da muryar farko ta dawo a bakin kayan busa, ya buɗe ido da kansa. "Gusau," ya ce.

Kiɗan ya hau, ya hau. Mu uku mun san gaɓar da ke tafe. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin wake. Gaɓar ta zo, ta wuce.

Tsawar ba ta zo ba. Ganga ce ta fara janyewa, tana tazara tsakanin bugu da bugu. Kayan busa suka sauka. Jitar lantarki ta ja kuka ɗaya mai tsawo ta yi shiru. Goge suka riƙa raguwa, har ya rage guda, shi da jitar nan ta farko, suna bin 'yar muryar a hankali fiye da yadda suka fara ta. Suka ƙara rage tafiya. Sai zare ɗaya na sauti, sai babu. Na duba waya, abin da zoben kwano ya cinye minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu.

Na kasa kallonsa. Na ji tsoron mun ƙwace masa ƙarshen da ya gina wa kansa mun ba shi wanda bai kai ba. Sai na ji yana dariya, 'yar ƙarama, tana haɗuwa da tari.

"Kai Maitama, ka ji kunya," ya ce. "Shekara talatin kana jan jirgi. Wa ka shiga tashar ƙarshe da gudu? Tun daga nesa a ka kama birki." Ya share hawaye da bayan hannu. "Mutanen ga sun hi ni sanin aikina."

Inna ba ta ɗago ba. "Ya yi?" ta ce.

"Taho nan."

Ta ajiye tiren ta zo bakin gado ta tsaya, ya ce ta zauna.

"Ya yi, ya wuce yi. Amma ji nan, Gimbiya. Da nij ji shi cikakke tun can, da na ji sau goma, sau ashirin, in aje shi bisa kwaba. Ke kis sa ban gama shi ba. Kullum in na kai wurin sai in ɗage allura in neme ki da tsokana. To mi kika so in yi miki hwaɗa a kai?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. Na ɗauki wayata na ce zan je in leƙa ofis, ko da yake sha ɗaya ta wuce.

Bai sake neman a sa masa ba. Na tambaya ranar Juma'a, ya ce ai an iso. Ya ce in sa masa karatun Alƙur'ani a lasifikar in bar ta nan. Ranar ya sha kunu rabin kofi, ya kuma tambayi ko an yi ruwa a Banga.

Asabar bayan azahar ina shanya na ji Inna ta kira sunana ta katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na same ta zaune a bakin gadon, hannunsa a kan nata a cinyarta. Ta ce ya yi kalmar shahada tun ɗazu, sau biyu, sannan ya kama hannunta yana ɗan buga mata yatsa a baya, yana ragewa, yana ragewa. Na yi salati, na ja mayafi na rufe masa ƙafafu. Na ce bari in je in sanar da maza a masallaci.

"Je ki," ta ce.

Da na kai ƙofa na waiwaya. Ba ta janye hannunta ba tukuna.