Sunanta a Shafin Ƙarshe

Shekara ashirin da biyu ina sakatariya a sashen nan, ban taɓa buga takardar da ta ƙona min rai irin ta ranar Talata ba. Layi biyu ce tak: sunan malami, sai adadin yadda masana suka ambaci aikinsa a cikin nasu rubuce-rubucen. Wanda ya fi yawa shi zai riƙe ɗakin gwaji na ƙarshen baranda, ɗayan ya kwashe komatsansa zuwa Juma'a.

Ɗakin na Uwar Tsutsa ne. Ɗalibai suka laƙaba mata sunan, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Tun ina sabuwar zuwa take shiga kududdufai da takalmin roba, tana tsinto dodon koɗi, tana bin diddigin tsutsar da ke sa yara fitsarin jini. Firij biyu ta cika da 'yan kwalabe, kowace da kwanan wata da inda aka samo ta. Duk ginin, ɗakin nan kaɗai ne wutarsa ba ta ɗaukewa. In kwalaben suka fita, kwana biyu ya yi yawa su lalace.

Ambatonta arba'in da ɗaya. Na sabon malamin, wanda muke kira Mai Inji saboda na'urarsa ta karanta ƙwayoyin gado, ɗari takwas da 'yan kai.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne na san inda aka yi ɓarin. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wasu masana daga waje suka roƙe ta kwalabe ɗari shida. Ta jera musu cikin ƙanƙara, ta aika. Da suka gama bincike suka tambaya ko a sa ta cikin marubutan takardar da za su wallafa. Ni na buga amsarta da hannuna, ina bugawa ina mita. Ta ce ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba, ba za ta ci gumin wasu ba. Sai suka sa sunanta a shafin ƙarshe, wurin godiya. Yau an ambaci takardar nan fiye da sau dubu biyu.

Ranar Laraba Uwar Tsutsa ta shigo da takardar masanan ofishin shugaban sashe, wanda ɗalibinta ne a da. Ina zaune ina jin su.

"Ɗana, buɗe shafin ƙarshe ka gani."

"Malama, na sani. Wallahi na faɗa wa kwamiti. Sun ce kwamfuta ba ta ƙirga godiya."

"To tsutsar da suka yi aikin da ita, daga sama ta faɗo?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Da bakinsa ya taɓa gaya min ita ta koya masa riƙe madubin gwaji, amma ranar ko idonta ya kasa kallo. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, haushin ya fi yawa.

Juma'a da safe na kai mata takardar miƙa makulli. Na same ta tsaye gaban firij, ta buɗe ta rufe, ba ta ciro komai ba. Ina za ta kai su? Ɗan firij ɗin gidanta ko ruwa ba ya sanyayawa.

Mai Inji ya shigo da sallama, har da rusunawa. Ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Mama, don Allah ki bar su a nan. Wannan dukiya ce. Takarda biyar zan fitar daga cikinsu, ko ma fi."

Ta juyo ta dube shi. Sannan ta yi tambayar da ya kamata ta yi tun shekara goma sha ɗaya baya.

"Ni a ina sunana zai fito?"

Ya sosa ƙeya. "Kin san ƙa'idar mujallun yanzu, Mama. Wanda ya ba da kaya kawai, ba a sa shi cikin marubuta. Amma za mu gode miki sosai a ƙarshe."

Na buɗe baki zan yi magana, ta dafa min hannu. Ta ciro makulli daga jaka, ta haɗa da littafinta mai baƙin bango inda ta rubuta tarihin kowace kwalba, ta miƙa masa. Ta ce ya kula da firij ɗin hagu, ƙofarsa sai an danna da gwiwa take kamawa.

Ya ce insha Allah zai kula. Ta ɗauki takalmin robarta ta nufi ƙofa, kuma ita ce ma ta ce masa ta gode.