Likitar da Ke Hura Ƙarfe

Nas ta sake leƙa baranda ta ce mai bi ya shigo, amma ba wanda ya motsa. Bencin ƙofar tsohon likita ya cika maƙil, na sabuwar likita kuwa ko ƙuda babu.

Sabuwar tana jiyo su ta taga.

"A gida ta rasa gurbin karatun likita, shi ne aka tura ta waje."

"To me ta koyo?" in ji wani mai hula. "Maganin ciwon ƙanƙara?"

Aka fashe da dariya. Zancen gurbin gaskiya ne: ta nema, ta sake nema, sunanta bai fito ba. Da safe kuma babban likita ya gaya mata idan mako ya ƙare ɗakinta yana haka, ɗakin ajiye fayil za ta koma.

Wajen azahar wata tsohuwa mai tari ta turo ƙofa.

"'Yar nan, ƙafafuna ne suka gaji. Zama kawai na zo yi."

"Zauna, Iya. Tunda kin zauna, bari in ji ƙirjin."

Ta ɗauki abin sauraron ƙirji, ta kai ƙarfen bakinta ta hura, ta murza a tafin hannu, sannan ta ɗora. Sabo ne da ta yi a ƙasar sanyin da ta yi karatu, inda ƙarfe ke sa mara lafiya zabura. Iya ta zuba mata ido. Ta karɓi takardar magani ta fita.

"Jama'a, ku taso!" Muryarta ta cika barandar. "Wannan sai ta yi wa ƙarfen addu'a kafin ta taɓa mutum. Wancan tsohon ko bisimilla!"

Likitar ta leƙo. "Iya, ba addu'a ba ce. Ɗumama shi nake yi."

"A wannan zafin?" Iya ta dubi mutane. "Kun ji ko? Ga ilimi, ga ɓoye alheri."

"Ni dai ban ji komai ba," in ji nas, tana tattara katuna.

Mai hula ne ya fara shiga. Ya ɓalle maɓallin riga, ta miƙo ƙarfen, ya tare da hannu.

"Likita, ba ki hura ba."

Ta dubi layin da ya kai har bakin matakala. Ta hura. Tunda bakin ya riga ya kai wurin, sai ta ƙara da bisimilla.