Mangwaron da Ya Ƙi Komawa Gwangwani

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a ƙofar makarantar kuɗin da nake koyarwa. Fentin bangon shi ne, allon da aka rubuta "Ilimi da Tarbiyya" shi ne, sai dai ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, iyayen yara kuma kowa ya kife lemarsa ya tsaya a kanta. Ban yi mamaki ba. Ranar bikin yaye 'yan ajin ƙarshe ce, kuma na makara.

Ni ne na tayar da jijiyoyin wuya a taron malamai har aka kafa dokar cewa ba ɗalibin da za a yaye sai ya ci jarrabawa, ya shiga ƙungiya, ya kuma dasa itace da hannunsa. Na gaji da yaran da za su cika maka takarda da bayanin kwararowar hamada alhali ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na gaji da "a bi a hankali". Na gaji da "haka muka tarar". A mafarkin sai ga dokar nan an rubuta ta a bango da manyan baƙaƙe, da sunana a ƙasa.

Shugaban makarantar bunsuru ne, fari, mai dogon gemu, da tabarau a kan hanci. Na same shi a ofis yana taunar manhajar karatu.

"Malam Ilyasu, mai gyaran duniya!" in ji shi. "Zo ka ga yadda dokarka ta zauna."

"Ranka ya daɗe, ana bin ta kuwa?"

"Bi? Ai har mun wuce ta."

Sai ga mu a filin ƙungiyoyi. 'Yan ninkaya suna kwance rub da ciki a kan siminti mai shuɗin fenti, suna ta wurga hannuwa, wani yana ihu wai zai nutse. 'Yan ƙwallo suna guje-guje babu ƙwallo, domin ƙwallo tana fasa tagogi. A ɗakin muhawara ɓangarorin biyu sun amince da juna tun kafin a faɗi maudu'i, alƙali yana barci da kofin nasara a cinyarsa. Kowace ƙungiya da mai ɗaukar hotonta. Da zarar ya ce "an gama", sai yaran su miƙe su karkaɗe riga.

"Wannan ai wasa da hankalin iyaye ne," na ce.

"Iyayen sun ga hotunan," in ji bunsuru. "Sun ce sun yi kyau."

Sai ga mu a bakin wani rami guda ɗaya, ɗalibai sun yi dogon layi. Kusa da ramin akwai ɗan dashen darbejiya a cikin gwangwanin madara. In ɗalibi ya durƙusa, sai dashen ya fito da kansa, ya yi tsalle ya faɗa ramin, ya miƙe ganyensa. A ɗauki hoto. Ya fito, ya koma gwangwani, na baya ya matso.

"Duk makarantar nan itace ɗaya ake dasawa?" na tambaya.

"Ya ishe mu. Yana da biyayya."

Dashen ya ɗago ya dube ni. Muryarsa irin ta tsohon da ya gaji ce. "Malam, tun da aka kafa dokar nan ake ta dasa ni. Ban taɓa kwana a ƙasa ba."

Na buɗe baki zan yi magana, bunsuru ya ja ni da ƙahonsa. "Matsalarmu ɗaya ce," ya ce. "Kuma 'yar ajinka ce."

A bayan katangar ɗakin gwaje-gwaje akwai wani ƙaton mangwaro wanda ban taɓa gani ba, inuwarsa ta rufe rabin fili. A gindinsa Furera Tanimu ce, ɗalibata mai zama a kujerar ƙarshe, wadda ba ta cika magana ba. Ta durƙusa ta danne ƙasa da tafukanta biyu don kada ruwan ya tashi ya bar saiwoyin. Hannayenta duk laka har gwiwar hannu.

"Malam, ina kwana," ta ce, ba ta ɗaga hannun ba. "Ƙwallon mangwaro na binne ranar da kuka yi mana bayani. Kun ce a dasa a kula da shi."

"Ka ji ko?" in ji bunsuru. "Ta ci jarrabawa. Tana ƙungiyar manoma. Amma ƙa'ida ita ce a dasa, a yi hoto, a mayar. Ita ta dasa, ba ta mayar ba. Ga shi ma ya ƙi shiga hoto, ya yi girma. In bai koma gwangwani ba kafin a gama kiran suna, ba za a yaye ta ba."

"Ba haka na rubuta ba!"

"Haka aka fahimta. Kuma sunanka ne a ƙasa."

Sai ga mu a wajen biki, a inuwar mangwaron, domin nan ne kaɗai ake da inuwa. Rigunan yaye baƙaƙe suna rataye a sama kamar jemagu. Duk wanda aka kira sunansa, sai riga ɗaya ta sauko ta faɗa masa a kafaɗa, danginsa su yi guɗa. An kira, an kira, har saura riga ɗaya tana shawagi, ta sauko ta koma, ta sauko ta koma.

Aka ba ni lasifika.

Wallahi ban taɓa yin jawabi irin wannan ba. Na ce mun mayar da tarbiyya abin rataya a bango. Na ce muna koya wa yara ƙarya da kayan makaranta a jikinsu, sannan gobe mu zauna muna kukan shugabanni sun lalace. Na ce yarinya ɗaya ce a nan ta yi abin da aka ce, ita ce kuma za a hukunta. Na ce kunya ta ishe mu!

Aka ɗauki tafi. Bunsuru ya fi kowa, yana buga kofatansa. Duk tafin da aka yi sai in ji hulata ta ƙara tsawo. Ta wuce kawunan mutane, ta shiga cikin rassan mangwaron. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai, har na sake maimaita wajen "kunya ta ishe mu" don a ƙara.

"Allah ya ƙara basira!" in ji bunsuru. "A ɗauke shi hoto."

Na gyara tsayuwa. Na yi murmushi. Da hasken hoton ya wuce sai na ga gatari a hannuna. Ban san lokacin da na karɓa ba. Bakina yana can yana ci gaba da jawabi shi kaɗai, hannuwana suna nan suna gwada nauyin ƙota.

Wani dattijo mai gogaggiyar babbar riga ya taso daga cikin iyaye. Na gane shi, Malam Tanimu ne, mahaifin Furera. Ya cire takalmi ya rusuna mini, ni da nake sa'an ɗansa.

"Malam, maganarka gaskiya ce, duk mun ji. Amma a taimaka a sare. Kakarta ta taso tun daga ƙauye, ga shinkafa can an sauke. Me zan ce wa mutane?"

"Baba, ai laifin ba nata ba ne."

"To na wane ne, Malam? A nuna mini shi in roƙe shi."

Na waiga in nuna bunsuru. Yatsana ya lanƙwashe ya dawo ya nuna bangon da sunana yake.

Furera ta taso daga gindin itacen. Tana ɗaga hannuwanta ruwan ya fara tsere wa saiwoyin yana tafiya sama. Ta je ta ɗauko gwangwanin madara, ta zazzage dashen darbejiya a hankali ta ce masa ya ɗan huta, ta dawo ta tsaya kusa da ni ta tara gwangwanin da hannu biyu.

Na jira ta yi kuka. Na jira ta ce, Malam, ba ku ne kuka ce ba? Da ta faɗa, da na samu abin da zan yi wani jawabin a kansa.

"Malam, ku fara ta wannan gefen," ta ce. "Ya fi taushi. Nan nake zuba masa toka."

Na duba ko akwai malami ɗaya da zai riƙe hannuna. Duk suna gyara hula saboda hoto. Na ce a raina zan jefar da gatarin, in ce in ba a yaye ta da itacenta a tsaye ba, ni ma na bar aikin. Kalmomin suna nan a jere, masu kyau. Amma bakina bai gama wancan jawabin ba, ana kuma ta tafi, ban so in katse.

Na ɗaga. Na sara.

Ƙwas.

Rigar yayen ta sauko kaɗan. Ɗanyun mangwaro suka zubo, suka tashi sama tare da ruwan. Hulata ta maƙale a reshe, ta bar ni da kai a buɗe gaban iyayen yara.

Ƙwas.

"Sannu, Malam," in ji Furera. "Allah ya saka da alheri."

Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma a garin nan komai sama yake tafiya, babu wajen ɓuya. Na sake ɗagawa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hannuna yana riƙe da ƙarfen gado. Ana buga ƙyauren gidanmu da ɗan makulli, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Muryar Ɗanladi ce, direban motar makaranta.

"Malam Ilyasu! Ka fito mana, yara suna jira, mai hoto ma ya iso. Na ɗauko dashen itatuwan, suna bayan mota. Mai lambu ya ce don Allah a mayar masa da su kafin la'asar, kada rana ta taɓa su."

Na ce masa ina zuwa. Na daɗe a tsakar ɗaki ina neman hulata, tana kuwa rataye a gabana.